Ra'ayinmu: Kare da Uban Gidansa

Tun daga daren da kare ya ciji wata 'yar'uwarmu ɗaliba a hanyar da ta bi ta bayan gidajen malamai, maganar karnuka ba ta kwanta ba a wannan jami'a. Ta fito daga laburare ne wajen ƙarfe goma, tana tafe ita kaɗai, sai karen wani gida ya tsinke sarƙarsa, ya fito ta inda shinge ya karye, ya kama ta a ƙafa. Kafin gari ya waye labari ya gama ɗakunan kwana, kafin azahar kuwa an riga an gabatar da shawara a majalisar ɗalibai cewa a nemi hukumar jami'a ta sa guba a kashe duk wani kare da ke cikin harabar nan, mai uban gida da marar shi. Aka yi tafi. Da yammacin ranar wasu samari suka tare wata karya mai shayarwa a bayan ɗakin cin abinci, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, suka yi ta jifa har suka karya mata ƙafa.

Mu a wannan mujalla ba mu yi tafi ba, ba kuwa don ciwon 'yar'uwarmu bai dame mu ba. Mun ga ya fi dacewa, kafin mu ce uffan, mu taka mu je wurin masu karnukan nan mu ji yadda suke ɗaukar dabbar da suka ajiye, yadda suke ciyar da ita, da yadda suke horar da ita. Abin da muka jiyo ya tabbatar mana da cewa kare ba shi kaɗai ya yi cizon nan ba, da hannun mutum a ciki, kuma gubar da ake kira a sa ba za ta taɓa wannan hannu ba.

Wanda muka fara samu shi ne wani tsohon maigadi, mazaunin ƙauyen da ke bayan katangar jami'a, wanda ya gaji farauta kuma yake da karnuka huɗu. A wurinsa kare abokin sana'a ne, bai san shi da wani matsayi daban ba. Ya ce mana in zai ɗauki kwikwiyo sai ya bari ya ƙoshi da nonon uwarsa tukuna, sa'an nan ya riƙa ba shi abinci da hannunsa yana kiran sunansa, har ya zamana kwikwiyon ya haɗa sunan da alheri. In ya tasa sai ya sa shi bin tsohuwar karyarsa Durwa zuwa daji, ita ce malamarsa. Muka tambaye shi ko yana dukansu, ya yi dariya ya ce karen da ya saba da duka, da zarar ya ga an ɗaga hannu sai ya maƙale, shi kuwa mafarauci ɗaga hannu shi ne aikinsa, da shi yake jefa sanda, da shi yake nuna wa kare inda zomo ya bi. In an yi kamu kuwa, kayan ciki rabon karnuka ne, ba a hana su. Wannan dattijo bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faɗa mana shi ne ainihin abin da masana halayyar dabbobi suke koyarwa a yau, watau cewa ladan da aka bayar a kan lokaci ya fi bulala saurin koya wa kare aiki, ya kuma fi ta daɗewa a zuciyarsa.

Amma fa inda muka rabu da baba maigadi shi ne batun allura. Ya ce karnukansa lafiyarsu lau, kuma shi da ido yake gane mahaukacin kare tun daga nesa. Kunnuwansu ma duk ya yanke su da wuƙa tun suna ƙanana, wai don kada naman daji ya sami abin kamawa. Da girmamawa muke cewa a nan tsoho ya kuskure. Karnukan farauta su ne suka fi kowane kare cuɗanya da dabbobin daji da baƙin karnuka, kuma kare yana iya ɗauke da ƙwayar cutar hauka a cikin yawunsa 'yan kwanaki kafin wata alama ta bayyana wadda ido zai iya gani.

Ra'ayin da muka fi ji, wanda kuma ya fi tayar mana da hankali, shi ne na masu ajiye kare domin gadi. A ganin da yawa daga cikinsu kare kamar kwado ne da ake sa wa ƙofa, in an ɗaura shi an gama. Wani ya gaya mana, ba tare da wata kunya ba, cewa karen gadi ba a ƙosar da shi, domin in ya ƙoshi barci zai yi. Wani ya ce shi tun karensa yana kwikwiyo ya kulle shi a ɗaki mai duhu don kada ya saba da mutane, yana kuma zuba masa barkono a abinci don ya yi zafin rai. Karen da ya ciji 'yar'uwarmu irin wannan renon ya samu. Mun gan shi da idonmu: sarƙarsa ba ta kai gaba biyu ba, rumfarsa ta kwano ce, wuyansa duk ya saɓule, kaska ta cika masa kunne, kwanon ruwansa kuwa a bushe yake ƙayau da tsakar rana. Ya kamata a sani cewa kare ba ya yin gumi a jikinsa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, hakin kuwa ruwan jikinsa yake ci. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a ƙasarmu, barin kare a ƙarƙashin kwano ba ruwa azaba ce, ko da wane suna aka kira ta.

Ban da zaluncin da ke cikin wannan reno, ko aikin gadin ma ba ya biya. Likitocin dabbobi sun nuna cewa daga mako na 3 zuwa kamar na 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake koyon wane ne abin tsoro, wane ne ba abin tsoro ba. Wanda ya yi waɗannan makonni a kulle, bai ga yaro ba, bai ga mace da lulluɓi ba, bai ji ƙarar babur ba, zai tashi yana tsoron kome da kowa, kuma yawancin cizon kare daga tsoro yake fitowa. Karen da yake yi wa kowa haushi, da ɗalibi da mai tallar ƙosai da ɓarawo, bai gaya wa uban gidansa kome ba, don ba da daɗewa ba mutanen gida za su daina tashi in sun ji shi. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen unguwa, ya san ƙarar dare ta yau da kullum, ya kuma ɗaga murya sa'ad da abin da bai saba gani ba ya zo. Wannan kuwa sai an fita da shi, an yi wasa da shi, an koya masa ya zo in an kira shi, ya tsaya in an tsawata masa. Mai gidan da ya kasa kiran karensa ya dawo, to, makamin da ya ajiye ba a hannunsa yake ba.

Mun kuma ziyarci wani malami mai karen Jamus irin wanda ake kira Alseshan. Shi kam ba a cewa kome game da kulawa: ga katin allura, ga maganin tsutsar ciki, ga sabulun wanka na musamman, har ya yi mana lacca a kan cewa albasa guba ce ga kare, tana lalata masa jini, don haka bai yarda a juye masa ragowar miya ba. Gaskiya ne, mun kuwa ƙaru. Sai dai da muka zo kan horo, ya ce shi a littafi ya karanta cewa kare jikan kyarkeci ne, kuma tilas mai shi ya nuna masa ƙarfi, ya danne shi ƙasa, ya shaƙe shi da sarƙa, don ya san wane ne shugaban garke. Da alama littafin malam ya tsufa. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga nazarin da aka yi wa kyarketan ƙasashen sanyi waɗanda aka tara a cikin shinge ɗaya alhali ba dangin juna ba ne. Ba'amurken nan David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya taimaka wajen yaɗa maganar, shi da kansa ya dawo a 1999 ya bayyana cewa a daji garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, ba fagen kokawar neman sarauta ba. Ashe dai tsohon maigadi, wanda bai san Mech ba, ya fi malam kusa da gaskiya.

Akwai wani abu kuma da muke so masu sha'awar karnukan ƙasashen waje su duba. Yanzu ana yayin manyan karnuka masu tarin gashi, irin waɗanda asalinsu na duwatsun Kokesas ne inda ƙanƙara take zuba, ana sayensu da kuɗi masu yawa don a nuna isa, a kawo su ƙasar da inuwa ma zafi take yi. Alhali a nan kusa da mu, a ƙasar Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna da nasu karen, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda ya saba da rana da ƙishirwa, har Turawa suka ɗauke shi suka kai ƙasashensu suna alfahari da shi. Karenmu na gida ma, wanda ake rainawa, ya fi baƙon juriya ga zafi da cututtukan ƙasar nan. Daɗin daɗawa, sau nawa muka ga malami ya sami canjin wurin aiki ko ya tafi ƙaro ilmi, ya kwashe kayansa har da tukwanen furanni, ya bar karen a bakin ƙofa? Karnukan da suke yawo a bayan ɗakin cin abinci ba daga sama suka faɗo ba. Wasunsu irin waɗannan ne da 'ya'yansu, jujin da muke zubar da ragowar abinci a fili kuwa shi yake riƙe da su.

A zauren majalisa wani ɗan'uwa ya tashi ya ce, a ƙasar da mutane suke kwana da yunwa, maganar haƙƙin kare maganar 'yan boko ce da suka ƙoshi. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Mu ma ranmu yana ɓaci in muka ga gidan da abincin karensa ya fi albashin yaron da ke yi wa karen wanka. Amma abin da muke nema wa kare bai wuce ruwa da inuwa da abinci da allura da hannun da ba ya duka ba, kuma mafaraucin ƙauye, wanda ba shi da albashi, yana ba karnukansa huɗu daga cikin biyar ɗin nan. Tausayin dabba kuwa ba daga Turai aka kawo mana shi ba. Kowane ɗan makarantar allo ya ji hadisin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ambaci ajiye kare domin kiwo da gona da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba a ɗauki jikinsa najasa ba. Hukuncin ajiye shi a cikin gida fagen malamai ne, mun bar musu. Abin da ba mu taɓa ji daga bakin wani malami ba shi ne cewa ya halatta a jefi karya mai shayarwa don wani kare daban ya yi cizo. A ɓangaren hukuma ma, tun dokar Pinal Kod ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960 aka sa azabtar da dabbar gida cikin laifuffuka, ko da yake da wuya ka ji an gurfanar da wani a kai.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa kowa ya firgita, watau ciwon haukar kare. Tsoron yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kamar 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare suke kamuwa. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawu, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. In alamu suka bayyana, tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana ana iya tare ta sarai. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurar da ya haɗa. Abin da ake bukata ga wanda aka ciza shi ne ya wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar, a fara masa allura, ya kuma cika ta har ƙarshe. 'Yar'uwarmu ta sha shawarwari a daren nan, har da mai cewa a ƙona gashin karen a shafa mata tokar. Allah ya taimake ta da wata abokiyar ɗakinta mai karatun aikin jinya wadda ta ja ta zuwa famfo.

Ga masu kiran a sa guba muna da tambaya. Karen da ya yi cizo, in an tsare shi aka sa masa ido kwana 10 ya wuce lafiya, an san ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, hankalin kowa ya kwanta. In an kashe shi a fusace an jefar da gawar, wa zai ba da wannan amsa? Guba kuma ba ta tambayar katin allura. Za ta kashe karen malam mai allura, ta kashe na maigadi, ta kashe angulu da kyanwa, wataƙila ma ta kai ga yaron da ke wasa a juji. Bayan wata kaɗan, tun da jujin yana nan, wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba za su shigo daga ƙauyuka su maye gurbin. Shi ya sa masana suka daɗe da cewa kashe karnuka kawai bai taɓa kawar da wannan cuta daga wani gari ba. Abin da yake kawar da ita shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a kuma maimaita kowace shekara. Da haka ƙasar Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta rabu da haukar da kare yake sa wa mutum. Kada a ce wannan sai ƙasashe masu nisa: a birnin Njamena na Chadi an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yanke a birnin na wani lokaci, sai daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da suka shigo daga waje. A nan gida kuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar karnuka, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar karen da ake zargi.

Saboda haka muna roƙon majalisar ɗalibai ta janye shawarar guba, ta kai wa hukumar jami'a wadda ta fi ta. A rubuta kowane kare da ke gidajen ma'aikata da sunan mai shi, kada a bar kowa ya ajiye kare sai da shaidar allura ta shekarar, kuma wanda zai bar gidan jami'a kada a sa masa hannu a takardar sallama sai ya faɗi inda ya kai karensa. Wanda karensa ya ciji mutum shi zai biya kuɗin magani duka, ba iyayen ɗalibi ba. A gyara shingen nan, a sa fitila a hanyar laburare, a rufe juji. Muna kuma ganin 'yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi suna da rawar da za su taka wadda ta fi rubuta jarrabawa: ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, me zai hana su kafa rumfa a bakin ƙofar baya, su yi wa karnukan jami'a da na ƙauyukan kewaye allura kyauta? In an ce kyauta, a kuma aika wa mai unguwa da sarkin mafarauta tun da wuri, muna kyautata zaton har baba maigadi zai zo da Durwa, ko da yana gunaguni. A wannan rumfa ce kuma za a sami damar gaya wa mai barkono, cikin lalama, abin da yake yi wa karensa da maƙwabtansa.

A lokacin da muke kai wannan mujalla wurin bugawa, 'yar'uwarmu ta karɓi allurarta ta uku, ciwon ya fara kamewa, ta koma aji. Karen yana tsare a asibitin dabbobi, ya kwana takwas yana ci yana sha, saura biyu. Mai shi ya biya kuɗin allurar farko, sauran kuwa har yanzu ana kai ruwa rana. Karyar da aka jefa, wasu ɗalibai biyu sun ɗaure mata ƙafar, tana kwance a ƙarƙashin tankin ruwa da 'yan kwikwiyonta biyar. Nan da wata guda za su isa rabuwa da ita, in sun cika wata uku kuma su isa allura. Duk wanda yake da wurin ajiye ɗaya, yake kuma da ruwa da inuwar da zai ba shi, ya zo ofishin mujalla bayan la'asar ya rubuta sunansa.